Yadda hukumar birni da ƙungiya mai zaman kanta za su haɗa hannu su kafa cibiyar wasanni da shaƙatawa

Sau da yawa ba a wajen gini irin wannan cibiya take mutuwa ba. Ana gamawa, a yi bikin buɗewa, bayan 'yan shekaru rufi ya fara yoyo a rasa mai gyarawa. Hukuma ta ce ai ƙungiya ce ke riƙe da wurin, ƙungiya ta ce ai ginin na hukuma ne. Saboda haka aikin da ya fi nauyi shi ne na takarda, kuma kafin a aza bulo ko ɗaya ake yin sa. Tun ran gini, tun ran zane.

Ku fara da sanin waɗanda za su yi amfani da wurin. Taron jama'a guda ɗaya ba ya wadatarwa, don masu baki ne kawai ke magana a cikinsa. Ku zauna da matasa daban, iyaye mata daban, dattawa daban, masu buƙata ta musamman daban, ku tambaye su abu uku: me za su zo yi, da wane lokaci, kuma nawa za su iya biya a wata. Ku kuma ƙirga filaye da zaurukan da ke kusa, har da na makarantu, kada a sake gina abin da yake akwai.

Abin da kowa zai kawo

Galibi hukuma ce ke da fili, da ikon ba da izinin gini, da hanyar jawo ruwa da wuta. Ƙungiya kuwa tana iya karɓar gudummawa da tallafin gidauniyoyi, tana da 'yan sa-kai, kuma ta fi saurin yanke shawara. Tsarin da ya fi zama lafiya shi ne hukuma ta ci gaba da mallakar fili da gini, ta ba ƙungiya hayar dogon zango a kan kuɗi kaɗan, ƙungiya ta riƙa gudanar da wurin. A nemi shekara 20 zuwa 30. Masu ba da tallafi ba sa son zuba kuɗi a ginin da za a iya karɓewa bayan shekara biyar.

Kafin hukuma ta amince, ta duba rajistar ƙungiyar, da rahoton binciken kuɗinta na shekara uku da suka wuce. Ƙungiyar da ba ta taɓa biyan albashin mutum biyar a kan kari ba, ba za ta iya riƙe cibiya ba, komai kyan niyyarta.

Yarjejeniya

Takardar fahimtar juna ta isa a farkon tattaunawa, amma a mafi yawan lokuta ba ta ɗaure kowa a gaban kotu. Kafin a fara tara kuɗi, lauyoyin ɓangarorin biyu su rubuta cikakkiyar yarjejeniya, majalisar birni ta zartar da ita. Wannan zartarwar tana da muhimmanci: shugabanni suna sauyawa, kuma alkawarin baki yana tafiya da wanda ya yi shi.

A raba gyara gida biyu, a rubuta shi dalla-dalla. Manyan gyare-gyare, wato rufi, harsashin gini, manyan bututun ruwa da layukan wuta, na mai ginin ne. Shara, fenti, ƙwan fitila, famfo da makulli na mai gudanarwa ne. Abin da ke tsakiya, kamar injin sanyaya ɗaki ko famfon tura ruwa, shi ke haddasa rigima, don haka a sa iyaka ta kuɗi: gyaran da bai kai adadi kaza ba na ƙungiya ne, wanda ya haura na hukuma. A rubuta wanda zai yi wa gini inshora da wanda zai yi inshorar raunin masu shigowa. A rubuta wanda ke da ikon ƙara kuɗin shiga, da awa nawa a mako za a buɗe wa kowa kyauta ko da rangwame. Idan ba a yi haka ba, a hankali masu hayar zaure don bukukuwa za su cinye jadawalin, yaran da aka gina wurin dominsu su koma leƙe ta taga. Daga ƙarshe a fayyace yadda za a rabu: wata nawa na sanarwa, wa zai ɗauki kayan aiki, me zai faru da ma'aikata da kuɗin da ke asusu.

Fili da awo

A tabbatar da takardun mallakar filin, a yi gwajin ƙasa, a je a ga inda ruwa ke bi bayan ruwan sama mai ƙarfi. Filin da hukuma ta bayar cikin sauƙi, wani lokaci akwai dalilin da ya sa babu wanda ya gina komai a kansa.

Zaure ɗaya mai amfani da yawa ya fi ƙananan ɗakuna barkatai. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne da 15, kuma yana buƙatar sararin mita 2 a kowane gefe, ke nan zauren kada ya gaza mita 32 da 19. Daga daɓe zuwa abu mafi ƙasa da ke rataye a sama a bar aƙalla mita 7. Ana yawan auna tsayin zuwa rufi a manta da fitilu da ƙarafan da ke ƙarƙashinsa. A cikin wannan zauren za a iya shata filin ƙwallon raga mai mita 18 da 9, da na badminton mai mita 13.4 da 6.1, kowanne da launin layinsa. A ware ɗakin ajiya mai faffaɗar ƙofa a jikin zauren, in ba haka ba tabarmin motsa jiki da kujeru za su tare gefen fili. Gangaren keken guragu kada ya wuce tashin mita 1 a tsawon mita 12. Teburin karɓar baƙi ya kasance inda mutum ɗaya zai ga ƙofar shiga da hanyar ɗakunan sauya kaya, don kowace ƙarin ƙofa ƙarin mai gadi ne.

Wurin ninkaya kuwa, a yi tunani sau biyu. Yana cin ruwa, wuta da sinadarin tsaftacewa kullum, ko da mutum uku ne suka shiga, kuma ba a buɗe shi sai da ƙwararren mai ceto a bakinsa. Gara a bar masa gurbi a zane, a gina shi a zango na biyu.

Kuɗi

Kasafi biyu za a yi, kada a cakuɗa su. Na gini a ɗora masa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari don abin da ba a zata ba, a kuma sa kuɗin mai zane, injiniyoyi, izini da kayan ciki, waɗanda ba sa cikin farashin ɗan kwangila. Na gudanarwa a yi shi na shekara biyar. Albashi ne zai fi cin kuɗi, sai wuta da ruwa. Kuɗin shiga da na rajistar mambobi da wuya su biya komai, musamman a shekarun farko, don haka a rubuta tun yanzu wanda zai cike giɓin. A buɗe asusun gyara na daban mai sa hannun ɓangarorin biyu. Masu kula da gine-ginen jama'a kan ba da shawarar ware kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na darajar ginin duk shekara don kulawa da gyara.

Kada a fara tonon harsashi sai kuɗin zangon farko ya kammala a hannu ko a rubutaccen alkawari. A biya ɗan kwangila mataki-mataki bayan injiniya mai zaman kansa ya duba aikin, a riƙe wani kaso har wa'adin gano aibi ya cika, wato lokacin da aka ɗiba bayan kammala gini don ɗan kwangila ya gyara duk aibin da ya bayyana.

A ɗauki manajan cibiyar wata shida kafin buɗewa, ya shirya jadawali, ya horar da ma'aikata, ya bi ginin ɗaki-ɗaki yana rubuta abin da bai yi daidai ba. Kwamitin haɗin gwiwa, mai wakilan hukuma da ƙungiya da masu amfani da wurin, ya riƙa zama duk wata uku a kan alƙaluma huɗu: yawan masu zuwa, kuɗin da ya shigo, wanda ya fita, da gyaran da ke jiran a yi.