Yadda ake raba kujerun ƙungiyoyi a gasar tseren mota ta intanet bisa ƙwazon direba

Gasar wasan bidiyo na tseren motocin Formula 1 (F1) da samarin unguwannin Nima, Mamobi da Madina na Accra a Gana ke haɗawa ta intanet ta fi lalacewa a daren rabon motoci. Mutum 20, kujera 20, kowa idonsa na kan McLaren ko Ferrari. Sai shugaba ya ɗauko teburin makin kakar da ta wuce ya ce na ɗaya ya zaɓa, na biyu ya biyo baya. Kafin a yi tsere huɗu mutane sun fara zamewa daga zauren WhatsApp, domin wanda ya fi kowa gudu shi aka ba motar da ta fi kowace gudu, saura kuwa rakiya kawai suke yi. Lissafin da ke ƙasa na ƙungiya 10 ne, kowace da kujerar direba biyu, kamar yadda yake a wasannin F1 24 da F1 25.

Da farko, ku yanke shawara a kan saitin motoci kafin kowa ya san matsayinsa. Wasan yana ba da zaɓi biyu: ko a daidaita ƙarfin motocin duka, fenti ne kawai ya bambanta, ko a bar kowace da ƙarfinta irin na gaske. Idan kun daidaita, rabon kujera maganar ado ce da makin ƙungiya. Idan kun bar su da ƙarfinsu, kujera ita ce rabin kaka. Ku rubuta abin da kuka zaɓa, a maƙala shi a saman zaure, kada a sake taɓa shi.

Daga nan ka ajiye jimillar maki gefe. Tsarin F1 yana ba mutum goma na farko ne kawai: 25, 18, 15, 12, 10, 8, 6, 4, 2, 1. Wanda kullum yake na 11 da wanda kullum yake na 20 duk sifili ne, alhali ba ɗaya suke ba ko kusa. Jimilla kuma tana fifita wanda bai taɓa fashi ba a kan wanda ya fi shi iya tuƙi. Ka buɗe Google Sheets, a waya ma yana aiki, ka rubuta matsayin da kowane direba ya ƙare a kowane tsere, 1 zuwa 20, ka fitar da matsakaici. A kaka mai tsere 12, wanda bai kai 8 ba ba ya shiga lissafi, ya koma layin 'yan ko-ta-kwana. Kowa a cire masa sakamako biyu mafi muni.

Wannan cirewa ta sakamako biyu ita ce ke rufe maganar dumso, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki. Wuta za ta ɗauke, data za ta ƙare, netwok zai katse ana tsakiyar tsere, kuma ba laifin direba ba ne. Idan mutum ya katse, kwamfutar wasan takan karɓi motarsa ta ci gaba da tuƙawa. Kada ka rubuta masa matsayin da kwamfuta ta kai motar, ko mai kyau ne ko mara kyau. Ka rubuta "katsewa", ka sa ta cikin biyun da ake cirewa. Ta uku kuwa a ba shi matsayin ƙarshe, ko da ya rantse. Wanda ya buga bango a zagaye na biyu ya yi fushi ya fita, wannan ba katsewa ba ce, matsayin ƙarshe ne kai tsaye. Shi ya sa dole mai masaukin tsere ya ɗauki hoton allon sakamako a kowane dare, ba a dogara da "ai na tuna".

To, ga inda yawancin shugabanni ke faɗuwa: auna direbobin da ba mota ɗaya suka tuƙa ba. Wanda ya yi kaka a babbar mota yana ƙarewa na 4, da wanda ya yi a ƙaramar mota yana ƙarewa na 10, wa ya fi ƙwazo? Tebur zai ce na farko. Amma duba motar. Ka jera ƙungiyoyin daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni, 1 zuwa 10, gwargwadon yadda suke a cikin wasanku, ba yadda kake ganinsu a talabijin ba. Kowace mota tana da gurbin da ya kamata ta ƙare ko wa ke ciki. Ta ɗaya gurbinta 1 da 2, wato 1.5. Ta biyu 3.5. Ta bakwai 13 da 14, wato 13.5. Haka har ta goma, 19.5. Sai ka cire matsakaicin direba daga gurbin motarsa. Mai mota ta bakwai da ke ƙarewa na 10 ya zarce motarsa da 3.5. Mai mota ta ɗaya da ke ƙarewa na 4 ya gaza motarsa da 2.5. Ka ga wanda ake yi wa tafi a zaure shi ne ya ɓata mota mai kyau.

Sai dai wannan awo yana da rami, kuma wanda bai lura ba zai zalunci gwanaye. Mai mota ta ɗaya ko ya ci kowane tsere, bai zarce gurbinsa da fiye da 0.5 ba, domin babu matsayi sama da na ɗaya. Mai mota ta goma kuwa, duk lokacin da mutum uku suka yi haɗari a gabansa ya samu riba yana zaune. Saboda haka kada ka yi amfani da shi shi kaɗai. Ka jera direbobi sau biyu, sau ɗaya bisa matsakaicin matsayi tsagwaronsa, sau ɗaya bisa zarce mota, ka haɗa lambobin biyu ka raba biyu. Wanda ya zo na 2 a jerin farko, na 12 a na biyu, lambarsa 7. Idan an yi kunnen doki tsakanin abokan ƙungiya ɗaya, a ƙirga sau nawa wannan ya riga wancan a tseren da dukansu suka ƙare, tunda motarsu ɗaya. Idan a bara motocinku daidai suke, ka tsallake duk wannan, matsakaici ya wadatar.

Abu na biyu da za a auna shi ne gudu tsantsa. Ka ware dare ɗaya na gwaji kafin kaka, a daidaita motoci, a yi zagayen neman matsayi na minti 18 a filaye uku: Red Bull Ring na Ostiriya mai gajeren zagaye, Silverstone mai kwanoni masu sauri, da Hungaroring mai kwana a kan kwana. Kada ka karɓi lokacin da mutum ya turo daga sashen tseren mutum da agogo. A can ana iya gwadawa sau ɗari, ana iya kwafar saitin wanda ke saman jadawali, kuma babu wanda ke gabanka. Wanda ba ya aiki zai kwana a kai ya doke wanda ya dawo daga kasuwar Makola a gajiye, alhali ranar tsere ba haka za ta kasance ba. Ka mayar da tazarar zuwa kaso cikin ɗari, ba sakan ba. Idan mafi sauri ya yi sakan 65, wani ya yi 66.3, to 102 ne cikin ɗari. Wannan tazara ta 1.3 a doguwar hanya mai sakan 104 ba ta wuce 101.25 ba. Idan ka tara sakan kai tsaye, doguwar hanya za ta danne sauran.

Taimakon birki, na giya da layin tuƙi, duk abin da kuka halatta ya zama ɗaya ga kowa a wannan dare. Amma kada a rage wa mai kwantirola ko mai sitiyari komai. Sitiyari irin Logitech G29 kuɗi ne mai nauyi a sidi, mafi yawan 'yan Zango da kwantirola suke yi, wasu ma a shagon wasa. Abin da ya zama dole shi ne kowa ya riƙe suna ɗaya a wasan, kada ƙane ya shiga da sunan wansa.

Na uku tsabtar tuƙi. Ka ƙirga karon da alƙalanku suka ɗora wa mutum laifinsa kawai. Tarar sakan uku ta fita daga layi kada ka ƙirga, ta riga ta ci shi a sakamakon tsere.

Yanzu kowa yana da lamba uku daga 1 zuwa 20. Tsere ya ɗauki rabi, gudu kaso 30, tsabta kaso 20. Mai 4, 7 da 12 zai samu 2 da 2.1 da 2.4, jimla 6.5. Ƙaramar lamba ita ce gaba. Ka saki teburin kwana biyu kafin rabo domin mai ƙorafi ya kawo shi da hujja.

Idan motoci daidai suke, haɗa na 1 da na 20, na 2 da na 19, har ƙasa, kowane haɗi ya zaɓi ƙungiya bi da bi. Idan da ƙarfinsu suke, kada ka juya jeri gaba ɗaya ka ba na ƙarshe babbar mota, mutane za su riƙa sassauta ƙafa da gangan a ƙarshen kaka. Ka raba su kashi uku: shida na sama su zaɓa daga ƙungiyoyi uku na ƙasa, takwas na tsakiya daga huɗu na tsakiya, shida na ƙasa daga uku na sama, kuma a cikin kowane kashi wanda ya fi shi ne ya fara zaɓe. Wanda ke bakin iyaka zai iya jarabtuwa, shi ya sa daren gwaji yake da kaso 30 kacal.

A yi rabon bayan Isha'i, kowa minti uku. Kowa ya riga ya tura wa shugaba zaɓinsa uku a ɓoye, saboda wanda wuta ta ɗauke masa. 'Yan'uwa da ke Ingila suna gaba da mu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, na Jamus awa biyu, a rubuta lokacin da agogon Gana. Sabon shiga ya yi tsere uku a matsayin ɗan ko-ta-kwana kafin a ba shi kujera. Sauya kujeru sau ɗaya ne, bayan tsere na shida, kuma makin da direba ya tara wa tsohuwar ƙungiya yana nan wurinta.