Ka sayi motar tsere mara nauyi amma babu lamba: kurakuran da aka fi tafkawa

Jama'a akwai maganar da na daɗe inaso inyi akan waɗannan ƙananan motocin gudu marasa nauyi irinsu Caterham Seven, Ariel Atom, Lotus Elise da KTM X-Bow, wasunsu ko rufi basu dashi balle ƙofa, kujera biyu ce kawai da inji da tayoyi shikenan. Ina matuƙar son motocin nan, shiyasa abin yake min ciwo in naga mutum ya tara kuɗinsa shekara da shekaru ya saya, ƙarshenta mota tana gareji an lulluɓeta da tampol tana shan ƙura, batir ya mutu, tayoyi sun sace, duk saboda an hana shi lamba.

Babban kuskuren da duk sauran suke fitowa daga cikinsa shine yarda da maganar mai sayarwa in yace "ai tana da izinin hawa titi". Toh izinin wace ƙasa? Izinin nan ba a jikin motar yake ba kamar fenti, takarda ce da wata hukuma ta bayar kuma iyakarta inda ikon hukumar ya tsaya. KTM X-Bow ta fito a 2008 kuma a Turai mutane na hawanta kan titi da lambarsu, amma da aka kaita Amurka a matsayin motar filin tsere kawai aka sayar da ita. Ita kuwa Caterham a Amurka gangar jiki ake sayar maka daban inji daban, ka haɗa sannan ka je jiharka tayi maka rajista a matsayin motar haɗi, kuma kowace jiha da nata tsarin. Gyaran wannan mai sauƙi ne, kace ya turo maka hoton takardar da aka yiwa motar rajista da ita tun farko tare da lambar shasi, kafin ayi maganar ko sisi.

Sai masu haɗa mota da hannunsu a Birtaniya, nan zan ɗan daɗe don nan ake shan wahalar da bata zama dole ba. Mutum zai kwashe wata da watanni yana ɗaure noti, sai ya gama tsaf sannan ya buɗe littafin gwajin IVA, wato gwajin da ake yiwa motar haɗi kafin a bata izinin hawa titi, alhali littafin ya kamata ya fara karantawa kafin ya taɓa sifana. Wannan gwajin hukumar gwajin motoci ta DVSA ce ke yinsa, shi ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009, kuma ba irin gwajin MOT na shekara shekara bane da ake duba birki da fitila a sallameka. Mai gwajin zai ɗauko wata ƙwallo mai faɗin milimita 100 ya riƙa bin jikin motar da ita, duk inda ƙwallon ta taɓa dole gefen wurin ya zama mara kaifi, lanƙwasarsa ta kai milimita 2.5, wato kan noti guda ɗaya da ya leƙo a gaban mota ba'a sa masa hular roba ba ya isa ya kayar da kai. Zai kawo na'urar auna ƙara ya ajiye rabin mita daga bakin salansa a ɗaga inji, in ta wuce desibel 99 ka faɗi. Zai duba inda aka ɗaure bel, ya duba ko mitar gudu tana faɗin gaskiya, ya duba yanda birkin gaba da na baya suke raba aiki. Kuma abin da mutane basa lura dashi, in ka saka cikakken gilashin gaba toh ka jawowa kanka waifa da ruwan wanke gilashi da abin kore hazo, duk sai sun yi aiki, shiyasa zakaga da yawa suna zuwa gwajin da ɗan ƙaramin makarin iska kawai.

Kada kuma ka zubar da rasit ko ɗaya. Hukumar rajistar motoci ta DVLA zata baka lambar sabuwar mota ne idan ka nuna kayan sabbi ne, an yarda babban ɓangare guda ɗaya kamar inji ya zama wanda aka sabunta shi ya koma kamar sabo, in kuwa aka kasa gane asali ko shekarun motar sai a baka lamba mai farawa da Q, kuma wannan yakan taɓa darajarta ranar da kazo sayarwa.

Wani kuskuren shine ɗauka cewa tunda taci gwajin Birtaniya ai Turai ma ta buɗe. IVA amincewa ce ta mota ɗaya a ƙasa ɗaya, balle yanzu da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai. Takardar da take tafiya da kai ƙasashen tarayyar ba tare da ciwon kai ba itace CoC, wadda kamfani ke bayarwa in motar tana da amincewar tarayyar gaba ɗaya, ƙananan kamfanoni ma suna da nasu tsarin na motoci har 1,500 a shekara. In babu ita, a Jamus sai ka kaita wurin masu gwaji irinsu TÜV su bita ɗaya bayan ɗaya, a Faransa kuma hukumar DREAL ce zatayi mata irin wannan gwajin na mota ɗaya da suke kira RTI, kuma can motar da mutum ya haɗa a garejinsa tana shan wuya sosai kafin ta samu shiga. Motoci biyu zasu iya zama iri ɗaya sak a ido, ɗaya kamfani ya haɗa tana da CoC ɗaya kuma wani ya haɗa a gida bata dashi, wallahi bambancinsu a wurin rajista kamar sama da ƙasa ne.

Toh sai Amurka da dokar shekara 25, wadda kowa ya ji labarinta amma kaɗan ne suka fahimceta. Motar da ba'a ƙerata bisa ƙa'idar tsaron Amurka ba sai ta cika shekara 25 kafin ta shiga cikin sauƙi, kuma lissafin daga watan da aka ƙerata yake farawa, ba daga ranar da aka fara yi mata rajista ba, ba kuma shekarar da mai talla ya rubuta ba. Lotus Elise ta farko da ta fito a 1996, mai nauyin kilo 725, sai 2021 na farkon cikinsu suka fara cancanta. Wadda aka sayar a Amurka daga 2004 zuwa 2011 wata ce daban da aka gyara musu, itama da rangwamen da aka yiwa Lotus kan jakar iska ya ƙare sai aka daina kawota. Hukumar muhalli ta EPA kuma nata lissafin shekara 21 ne kuma tana so injin ya zama na asali, don haka wanda ya cire tsohon inji ya dasa wani na zamani kafin ya loda a jirgi zai iya ɓata lamarin da hannunsa. Bayan ka wuce kwastan ma da sauran aiki, jiha ce ke bada lamba, kuma Kalifoniya tana da nata dokar hayaƙi mai tsauri da bata duba cewa gwamnatin tarayya ta barka ka shigo. Ga motar haɗi akwai sassaucin SB100 a can amma mota 500 kawai ake ba a shekara.

Wasu kuma sai suce ai akwai ƙofar baje koli, wadda aka buɗe a 1999 bayan Porsche 959 ta Bill Gates ta daɗe a hannun kwastan. Wannan ƙofar ta motoci ce masu tarihi ko fasaha ta musamman da hukuma ta amince dasu, kuma mil 2,500 kawai zakayi a shekara. Abin da nake roƙonka kada ka kusanta shine canza lambar shasi don mota tayi kamar ta tsufa, kwastan na Amurka sun sha murƙushe motocin da aka kama da wannan.

Kada ka ɗauki dokar wata ƙasa ka auna wata da ita. Kanada shekara 15 ce. Ostireliya sai ka samu takardar izinin shigowa tun kafin a loda motar, kuma basa wasa da asbestos da ake samu a birki da gasket na tsofaffin motoci. Kenya kuwa akasin Amurka ce, bata karɓar motar da ta wuce shekara 8 kuma sitiyari sai na dama, Indiya ma sitiyarin dama take so. Kuma canza ɓangaren titi ba a sitiyari kaɗai ya tsaya ba, fitilar gaba tana karkata haskenta gefe ɗaya don kar ta kashewa mai tahowa ido, fitilar hazo ta baya ma da ɓangarenta, mitar gudu kuma wata mil take ƙirgawa wata kilomita.

Masu taya uku su kula da maganar lasisi. Polaris Slingshot a dokar tarayyar Amurka babur ce, yawancin jihohi suna barinka da lasisin mota amma maganar hular kwano sai ka duba jiha jiha.

Akwai kuma wanda ya samu lambar lafiya lau sannan ya ɓata da kansa. An dawo daga gwaji da sati ɗaya ya cire salansa ya saka mai ƙara, ya ɗaura tayar tsere mara zane ya hau titi, alhali a Birtaniya da Turai zurfin zanen taya dole ya kai milimita 1.6. A Jamus gyaran da ba'a shigar a takarda ba zai iya soke izinin motar gaba ɗaya, kuma ko ina ne in baka faɗawa kamfanin inshora ba ranar da tsautsayi ya faɗa zasu iya zamewa su barka. Japan ma misali ce mai kyau, Caterham Seven 170 mai kilo 440 da injin Suzuki cc 660 an matse faɗinta ne don ta shiga rukunin ƙananan motocin kei da basa wuce mita 1.48, ka ƙara mata faɗi kaɗan don kwalliya ka fitar da ita daga rukunin kenan.

Sai wanda ya shiga da mota yawon buɗe ido yaga babu wanda ya tsayar dashi, ya ɗauka shikenan ta zama ƴar gari. Baƙo a Amurka yana da shekara ɗaya da motarsa kuma bashi da ikon sayar da ita a can, a Tarayyar Turai galibi wata shida ne. In zama zakayi toh rajista sabuwa ce daga tushe, ka rubutawa hukumar ƙasar da lambar shasi da watan ƙira da lambar inji, ka jira amsarsu a rubuce tun motar tana inda take.