Yadda ake gano abin da ya sa a-kori-kura ta ƙara shan mai bayan an yi wa injinta gyaran ƙarin ƙarfi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, duk mai a-kori-kura a Jos ya koma ƙirga kowace litar da ya zuba. Saboda haka abin yana da ciwo idan mutum ya kai Hilux ɗinsa gareji domin a ƙara mata ƙarfi, ko ta hanyar sake rubuta manhajar kwamfutar da ke sarrafa injin, wadda makanikai suke kira birenbos, ko ta hanyar sauya fulogi da nozil ɗin da ke fesa mai cikin injin da taɓa taimin, wato lokacin da fulogi yake ba da wuta, motar ta fito tana amsa totur yadda ake so, amma tankin da yake kai shi mako guda ya daina wuce kwana biyar. Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu garzaya Dilimi mu yi ta sayen kaya ana sauyawa bisa zato. Ni dai shawarata ita ce kada a kwance ko noti ɗaya sai an auna, kuma idan an fara gyara a riƙa taɓa abu ɗaya kawai kafin a sake aunawa.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar da cewa shan man ya ƙaru da gaske, kuma ka san da nawa ya ƙaru. Kada ka dogara da allurar mai, haka nan kada ka yarda da lambar da allon gaban direba yake nunawa, domin kwamfuta ce take lissafa ta daga tsawon lokacin da nozil yake buɗe, kuma idan an taɓa manhajar ko an sauya nozil, lissafin yana iya karkacewa. Ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka yi zirga-zirgarka ta yau da kullum, sannan ka koma gidan man nan, a famfon nan idan zai yiwu, ka sake cikawa. Raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Idan, a misali, ka yi kilomita 400 kuma lita 50 ta shiga, motarka tana yin kilomita 8 a kowace lita ke nan. Ka maimaita haka sau uku ka rubuta a takarda, tare da irin hanyar da ka bi da nauyin kayan da ka ɗauka, domin wanda ya loda buhunan dankali daga Bokkos zuwa Farin Gada ba zai kwatanta lissafinsa da na ranar da ya je Bukuru babu kaya ba.

Daga nan, kafin ka ɗaga bonet, duba abubuwan da ba su shafi injin ba, domin sau da yawa ranar da aka yi wa injin aiki ita ce ranar da aka yi wa motar sauran kwalliya. Babban mai ruɗa lissafi shi ne girman taya. Idan motar ta zo da taya 265/65R17 aka mayar da ita 265/70R17, kewayen tayar ya ƙaru da kimanin kashi 3 cikin ɗari, wato ma'aunin tafiya zai riƙa nuna ƙasa da abin da ka yi a zahiri, ga kuma ƙarin nauyin da injin zai juya. Ka sa mai faci ya auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Ka tabbatar ba a bar giyar taimako a 4H ba, sannan bayan tafiya ka kusantar da hannu ga kowane wili, wanda ya fi sauran zafi sosai alama ce birki yana kamawa. Akwai kuma ƙafar direba. Motar da ta sami sabon ƙarfi tana jan mutum ya riƙa taka ta, don haka ka daure ka yi tanki guda cur da irin tuƙinka na da, ka ga abin da lissafi zai nuna.

Mataki na uku shi ne ka koma wurin wanda ya yi aikin ka ce, "Maigida, ina son ka faɗa mini duk abin da aka taɓa, ɗaya bayan ɗaya." Ba rigima ka je yi ba, bayani kake nema. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko ya adana ainihin manhajar da motar ta zo da ita kafin ya rubuta sabuwa, domin ita ce hanyarka ta komawa baya. Ka kuma tambaya ko an cire kan batir, saboda hakan yana goge abin da kwamfutar ta koya game da injin, kuma tana buƙatar tafiyar 'yan kwanaki kafin ta sake daidaita kanta. Idan jiya aka gama aikin, ka ba ta wannan damar tukuna.

Sai a jona na'urar bincike a sokat mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. A nan nake roƙon ka tsaya a wurin da kanka, kuma kada ka bari a goge lambobin matsala kafin ka rubuta su. P0172 tana nufin mai ya yi wa iska yawa, P0171 kuma akasin haka, P0101 tana nuni ga sensar da ke auna iskar da ke shiga injin, P0128 kuma tana cewa injin ba ya kai zafin da ya kamata. Rashin lamba ba ya wanke motar, don haka a buɗe shafin da ke nuna abin da injin yake yi a daidai lokacin da yake aiki.

Abu na farko da za ka kalla a shafin nan shi ne zafin ruwan injin, kuma a ganina nan ne masu mota a Jos suka fi yin asara ba su sani ba. Al'ada ce ta makanikai da yawa a ƙasar nan su cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai injin ya ɗumama, da sunan hana injin zafi, wasu har su haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. An ƙera injin fetur ne ya yi aiki a tsakanin digiri 80 da 95 ko kusa da haka, kuma muddin bai kai wurin ba, kwamfutar tana ɗauka har yanzu ɗumama shi ake yi, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. A Kano ko Sakkwato zafin gari yana iya rufe wannan aibin. A Jos kuwa, musamman a watan Disamba da Janairu da hunturu yake kankama, injin da babu tamostat zai iya yin tafiyar safe gaba ɗaya bai ɗumama ba, haka ma a gangaren Hawan Kibo inda iska ke dukan lagireto alhali ƙafa ba ta kan totur. Idan bayan tafiyar minti 15 zuwa 20 na'urar tana nuna digiri 60 ko 65, a duba tamostat, a mayar da shi idan babu, kuma a gwada sensar zafin ruwan ita ma, domin idan tana ba da labarin ƙarya sakamakon ɗaya ne. A wannan shafin za ka ga haruffan CL ko OL. Injin da ya ɗumama yana tafiya a hankali ya kamata ya nuna CL, wato kwamfutar tana sauraron sensar salansa tana gyara awon mai. Idan ya maƙale a OL, wato kwamfutar ba ta sauraron sensar, ko dai sensar ta mutu ko kuma mai manhajar ya toshe ta.

Bayan haka a duba lambobi biyu masu suna STFT da LTFT, waɗanda suke nuna yawan man da kwamfutar take ƙarawa ko ragewa domin ta riƙe awon kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Idan jimillarsu ba ta wuce 10 sama ko ƙasa da sifili ba, babu damuwa. Idan ta haura sama sosai, iska tana kutsawa ta inda ba a auna ta ba, galibi ta tiyon da aka manta ba a ɗaure ba lokacin aikin, ko kuma sensar iska ta yi datti. Wannan yakan faru idan an sa matatar iska irin mai shafaffen mai, wadda ake tallata cewa tana ƙara ƙarfi, domin man yana haɗuwa da ƙurar hunturu ya lulluɓe siririyar wayar sensar. A wanke ta da maganin feshin da aka yi dominta, ba da fetur ba, kuma kada a taɓa wayar da hannu. Idan lambar ta nutse ƙasa sosai, mai ne yake yawa, sai a gwada nozil ko yana ɗiga, a kuma tabbatar famfon man da aka sa daidai yake da na motar. Fulogi ma shaida ne, wanda ya yi baƙi kamar gindin tukunya yana tabbatar da yawan mai. Ka leƙa ƙarƙashin motar ka gani ko matatar hayaƙin nan da ake kira indomi tana nan, kuma wayoyin sensar da ke gabanta a jone suke.

Mai injin dizal zai fi mayar da hankali ga hayaƙi. Baƙin hayaƙi a kan hawa yana nufin man ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, don haka a duba tiyon da ke ɗauko iska daga tabo, wato na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska, ko ya tsage ko ya kwance, a duba matatar iska. Idan an sauya nozil a injin Toyota mai D-4D, kowane ɗaya yana da lambar da dole a shigar wa kwamfutar, kuma ana yawan tsallake wannan.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, zargi ya koma kan manhajar kanta. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, inda nauyin iska ya gaza na bakin teku da wajen kashi 13 cikin ɗari. Manhajar kamfani tana da hanyar gyara wannan bambanci, amma wadda aka kwafo daga wata motar aka ɗora ba tare da gwaji a kan hanya ba tana iya zuba man da babu iskar da za ta ƙona shi. Wata kuma an rubuta ta ne domin fetur mai ingancin da ya fi wanda muke samu, sai injin ya riƙa ƙara kamar tsakuwa a gwangwani idan ya kama hawa, kwamfutar ta ja taimin baya domin ta kare shi, ƙarfin ya tafi, man kuma ya ƙone a banza. Gwajin da zai raba gardama shi ne a mayar da ainihin manhajar, ka yi tanki uku a hanyar da ka saba, ka kwatanta da abin da ka rubuta a farko. Idan lissafi ya dawo daidai kuma har yanzu kana son ƙarin ƙarfin, ka nemi a gyara manhajar ta yadda ba za ta ƙara mai ba sai an taka totur sosai, kuma a yi gwajin da na'urar a jone, da kaya a bayan motar, a kan hawa irin wanda kake bi kullum.