Yadda zaka auna kuɗin kare muhalli da ribar noman hatsi

Kar ka ɗauki kuɗin da gwamnati zata biya ka kan hekta idan ka ware gona don shirin kare muhalli ka gwada da cinikin alkamarka kai tsaye. Fara cire kuɗin iri, taki, maganin feshi, dizal da girbi tukuna, abinda ya rage shine ribarka. Kuma ba da shekarar da amfani yayi kyau kaɗai zaka yi lissafi ba, haɗa shekara biyar ka raba.

Sannan ka bi gonar yanki-yanki. Inda ruwa ke kwanciya ko bakin itatuwa da inuwa ke cinye shuka, wallahi sau da yawa asara kake nomawa a wurin, gara ka zuba furanni ko ciyawa ka karɓi kuɗinka, ƙasa mai kyau kuwa barta da hatsi. Shirin ma yana cin kuɗi fa, irin furanni ba kyauta bane, kuma bashin tarakta yana nan ko ka rage noma.

Karanta wa'adi sosai. Wa'adin CRP, shirin gwamnatin Amurka na biyan manomi ya ware gona don kare muhalli, shekara 10 zuwa 15 ne, idan hatsi yayi tsada ka riga ka ɗaure kanka. A Ingila kuwa gwamnati ta rufe karɓar sabbin masu neman SFI, shirinta na biyan manoma kuɗin kare muhalli, kwatsam a Maris 2025.