Yadda Nake Karanta Tazarar Maki a Wasan Farko na Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Shekarata ta farko a Kolambas ta jihar Ohayo, wani abokin aikina ya ajiye mini takarda a tebur a ƙarshen watan Agusta. Sunayen jami'o'i ne jere, biyu-biyu, kowanne da lamba a gefensa: wannan -24.5, wancan +7. Ya ce in zagaye guda a kowane layi in kawo masa ran Juma'a. Tambayata ta farko ita ce ko da kuɗi a ciki, domin ni ba na caca, addinina ya hana, kuma ban ɓoye masa ba. Ya ce babu ko sisi, kofin roba ne kawai ake ajiye wa wanda ya fi kowa dacewa a ƙarshen kaka. A haka na shiga, kuma har yau a haka nake. Amma lambobin da ke takardar nan daga gidajen caca na Las Begas ake kwaso su, kuma duk wanda yake son ya gane hirar Amurkawa daga Satumba zuwa Janairu sai ya iya karanta su.

Ƙwallon da nake nufi ita ce mai kama da ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6, sai a ƙara masa 1 in ya buga ta tsakanin sanduna. In an kasa kaiwa, aka buga daga nesa ta shiga, maki 3 ne. Riƙe 7 da 3 ɗin nan, za mu dawo kansu.

Tazarar maki kuwa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa jin 'yan kallon ƙwallon Turai suna maganar handikaf. Wani malamin lissafi mai suna Charles McNeil ne ya yaɗa ta a Shikago a shekarun 1940. Ana duba ƙungiyoyi biyu, a ce wannan ta fi wannan da maki kaza, sai a cire wa mai ƙarfi wannan adadin tun kafin a fara. In ka ga -24.5 a gefen wata jami'a, cin wasa kaɗai bai ishe ta ba, sai ta ci da ratar 25 ko fiye. In ta ci 38 da 14, magoya bayanta suna murna a fili, kai da ka zaɓe ta kuwa ka faɗi da rabin maki. Wanda ya zaɓi mai +24.5 ya dace ko da an lallasa ƙungiyarsa, muddin dukan bai kai 25 ba. Rabin nan da ake maƙalawa don kada a yi kunnen doki ne. In lambar cikakkiya ce, kamar 7, kuma ratar ta faɗa daidai kanta, babu wanda ya ci.

To me ya sa wasan farko ya fita daban? Saboda jami'o'i ba sa wasannin share fage kamar yadda 'yan NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, suke yi. Babu wanda ya ga ƙungiyar nan ta kara da baƙo tun Nuwamba, Disamba ko Janairu. Masu sa lamba suna lalube, kai ma kana lalube, jama'a kuwa suna bin sunan da ya yi tashe bara.

Ni kaina wannan tarkon ya kama ni. Ran 2 ga Satumba 2023, jami'ar Kolorado ta je gidan jami'ar TCU a Fort Worth ta jihar Teksas. TCU ta buga wasan ƙarshe na ƙasa watanni takwas kafin nan. Kolorado kuwa wasa ɗaya tak ta ci cikin 12 a 2022. An ba TCU fifikon maki wajen 20, ni kuma na zagaye ta ko kallo na biyu ban yi ba. Abin da ban auna ba shi ne, mai jefa ƙwallon TCU na bara, wato jagoran 'yan harinta, da manyan abokansa sun tafi NFL, Kolorado kuma sabon kocinta Deion Sanders ya sauya kusan dukan 'yan wasan, ya zo da ɗansa Shedeur da wani gwanin ɗan wasa, Travis Hunter. Shedeur ya jefa ƙwallo yadi 510 a ranar, Kolorado ta ci 45 da 42. Ina zaune a falo da kofin shayi ya huce a hannuna, ina kallon riguna irin na bara da mutanen da ban sani ba a cikinsu.

Daga ranar na sauya yadda nake fara aiki. Kafin in kalli lamba, sai in ɗauki biro in rubuta abu uku a kan kowace ƙungiya: waye zai jefa ƙwallo, kuma wasa nawa ya taɓa farawa, mutum nawa ne suka dawo daga cikin ƙattai biyar da suke tsaye a gabansa suna kare shi, sannan koci da mataimakansa na bara ne ko sababbi. Na tsakiyan nan shi mutane suka fi mantawa da shi. Mutum biyar ɗin nan aikinsu na sabo ne, kamar masu daka a turmi ɗaya, in ba su san bugun juna ba taɓarya sai ta haɗu. Ƙungiyar da ta dawo da huɗu cikinsu takan fara kaka a natse. Wadda ta haɗa sababbi biyar daga makarantu daban-daban, ko da kowannensu gwani ne, takan yi tuntuɓe a rabin farko. Wannan bincike ya ƙara nauyi tun 2021, lokacin da aka bar ɗalibi ya sauya makaranta ya buga nan take ba tare da zaman jiran shekara ba, aka kuma halatta masa karɓar kuɗin talla da sunansa. Yanzu ƙungiya tana iya zubar da rabin mutanenta tsakanin Disamba da Agusta. Bill Connelly na kafar labaran wasanni ta ESPN yana fitar da lissafin abin da kowace ƙungiya ta dawo da shi duk shekara, kuma yana rage mini wahala sosai.

Bayan na gama wannan, sai in rubuta tawa lambar a gefe, in ce a ganina wannan ta fi wannan da maki kaza. Sai a lokacin nake buɗe ta Las Begas. In ka fara ganin tasu, ta riga ta zauna maka a kai, duk tunaninka zai riƙa zagaya ta. In tawa da tasu sun yi kusa, babu abin da na gani wanda ba su gani ba. In akwai ratar maki huɗu ko biyar, sai in koma in tambayi kaina wane ne ya yi kuskure, kuma sau da yawa ni ne.

Jerin gwanaye da 'yan jarida suke fitarwa a Agusta, kada ka ba shi amana da yawa. A 2024 Florida State ta shiga kaka a matsayi na 10, bayan ta ci wasa 13 a jere a shekarar da ta gabata. Aka kai wasanta na farko Dabilin ta ƙasar Ayilan, aka ba ta fifikon maki wajen 10 a kan Georgia Tech. Georgia Tech ta ci 24 da 21 da bugun daƙiƙar ƙarshe, Florida State kuma ta ƙare shekarar da cin wasa biyu kacal.

Akwai kuma wasannin da babbar jami'a take biyan ƙarama kuɗi ta zo gidanta ta sha duka. Su ne suka cika makon farko, kuma a nan ake ganin lambobi irin 35 da 42. Lokaci-lokaci reshe yana juyewa da mujiya: Mishigan ta biya Appalachian State dala 400,000 a 2007, baƙuwar ta ci 34 da 32 a gaban mutum sama da dubu ɗari; jami'ar Howard kuma ta doke UNLV ta Las Begas 43 da 40 a 2017 alhali an ce za a ci ta da 45. Amma ba irin wannan abin mamaki ne yake yawan kayar da mai zaɓe ba. Abin da ya fi faruwa shi ne, babbar ƙungiya ta kai 38 da 7 a kashi na uku cikin huɗun wasan, koci ya zaunar da manyan 'yan wasansa don yana da wasa mai zafi mako mai zuwa, ya sako yaran da suka shigo makaranta watan jiya. Saura minti biyu, baƙi su ci 7. An tashi 38 da 14, babu wanda ya damu a filin, amma -24.5 ta mutu. Don haka in na ga babbar lamba, nakan duba wa babbar ƙungiyar za ta kara da shi mako na biyu, da kuma halin kocinta: akwai masu ci gaba da matsawa har ƙarshe, akwai masu sassautawa da wuri. Tun 2023 ma agogo ya daina tsayawa a duk lokacin da ƙungiya ta samu sabon zagayen ƙoƙari, wato ta ci gaba da yadi goma aka sabunta mata damarta, sai a minti biyun ƙarshe na kowane rabi, wanda ya ɗan rage yawan damar da ake samu a tara maki.

Wuri ma yana da tasiri. An saba ƙiyasta wasan gida da maki kamar 3, amma wasan farko da yawa a filin 'yan ba-ruwanmu ake yin su, a Atlanta ko Shalot ko Dabilin. Zafin tsakar rana a Filorida ko Teksas farkon Satumba yana gajiyar da ƙungiyar da ba ta da 'yan canji. Filin Wayomin kuma yana kan tudu mai tsawon sama da mita 2,000, baƙo yana haki tun kashi na biyu.

A wasan da ƙarfi ya zo ɗaya, koma kan 3 da 7. Wasanni da yawa da waɗannan ratar suke ƙarewa, saboda haka -2.5 da -3.5 ba maki ɗaya ne kawai tsakaninsu ba, duniya ce guda. Haka -6.5 da -7.5.

Saura maganar kuɗi, wadda ba zan tsallake ba tunda ina ganin ƙannenmu da suke zuwa karatu suna sauke manhajojin nan a waya. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofa a Mayun 2018, jihohi da yawa sun halatta cacar wasanni, talla kuma ta cika talabijin. A gefen kowace tazara za ka ga -110. Ma'anarta ka sa dala 110 don ka ci 100. Mutum biyu suka zaɓi ɓangare daban-daban, gidan ya karɓi 220, ya biya wanda ya dace 210, ya soke 10 a aljihu ko wa ya ci. In ka yi zaɓe 100 ka dace a 50, ka ci 5,000 ka zubar da 5,500. Sai ka wuce kashi 52.4 cikin ɗari kafin ma ka dawo da uwar kuɗinka, kuma masu sa lambar aikinsu ke nan dare da rana. Ni da duk binciken da na zayyana a sama, a takardar ofis tsakanin rabi da ɗan sama da rabi nake yawo.

Takardar bana tana kan teburina. Na riga na cika gefenta da sunayen masu jefa ƙwallo da adadin ƙattan da suka dawo, layi uku ne suka rage, kuma ba zan zagaye su ba sai safiyar Juma'a, bayan makarantu sun fitar da jerin waɗanda za su fara wasa da waɗanda suka ji rauni a atisaye.