Yadda Za Ka Tsallake Zangon Da Ɗalibai Ke Watsar Da Koriyanci

Ajin Koriyanci a jami'a yakan cika a zangon farko, kafin zango na uku kujeru sun fara yin yawa. Galibi finafinai da waƙoƙin Koriya ta Kudu ne ke jawo ɗalibai, kuma farkon hanyar da daɗi. Haruffan Hangul, wato rubutun Koriyanci da Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446, a yau guda 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10, mai himma zai haɗa baƙi cikin mako guda. A nan ake ruɗuwa. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ƙiyasta awa 2,200 na aji kafin mai jin Turanci ya iya harshen sosai. Ajin awa 4 a mako na tsawon mako 15 kuwa awa 60 kacal yake bayarwa. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai ɗauka kansa ne ba ya ja.

Fara da raba kanka da karanta Koriyanci cikin haruffan boko tun mako na biyu. Wanda ya saba da su idonsa ba zai taɓa yin sauri a Hangul ba. Daga nan ka kama dokokin sauyin sauti, don abin da aka rubuta ba kullum shi ake furtawa ba: kalmar romo ana rubuta ta gukmul amma gungmul za ka ji. Rashin sanin wannan ne ke sa ɗalibi ya ci jarrabawar karatu ya faɗi ta sauraro. Ka ɗauki sauti na daƙiƙa 30, ka saurara sau uku ba takarda, ka duba rubutun, sannan ka bi bakin mai maganar kana maimaitawa. Minti 15 kullum ya isa. Haka za ka yi da dal, tal da ttal (wata, abin rufe fuska, ɗiya). Kunnen da ya saba bambance "da" da "ɗa" na Hausa ba zai daɗe bai kama su ba.

Inda aka fi zubewa shi ne matakan girmamawa. Abokan da ke hira a fim suna amfani da banmal, maganar sa'o'i, malami kuma yana son a ƙare jimla da -yo ko -mnida na girmamawa, ga kalmomin da ke canzawa ɗungurungum idan babba ake nufi: shekarun yaro nai, na dattijo yeonse. Kada ka kwashe su gaba ɗaya. Riƙe salon -yo shi kaɗai har ya zauna a bakinka, da shi za ka yi magana da malami da mai shago ba tare da ka yi rashin ladabi ba. Sauran ka iya gane su in ka ji, ya wadatar a shekarar farko.

Lambobi iri biyu ne, kuma a faɗin lokaci ana haɗa su: awa da hana, dul, set (ɗaya, biyu, uku), minti da il, i, sam (su ma ɗaya, biyu, uku). Duk sanda ka duba agogo ka faɗi lokacin a fili.

Sha'awar fim takan kawo mutum aji, amma ba ta cika zaunar da shi ba. Waɗanda ke ɗorewa su ne masu wata rana da suke jira a kalanda. Yi rajistar TOPIK, jarrabawar auna ƙwarewa a Koriyanci. A TOPIK I, ta 'yan koyo, maki 200 ne, 80 ya ba ka mataki na 1, 140 mataki na 2, wanda ke buƙatar kalmomi 1,500 zuwa 2,000. Kalma 10 a rana, kowace cikin jimlarta, za ta kai ka can cikin wata biyar zuwa bakwai. Mataki na 3 yana TOPIK II, maki 120 cikin 300, kuma shi tallafin karatu na gwamnatin Koriya ta Kudu (GKS) ke nema bayan shekarar koyon harshe kafin a shiga digiri. Sakamakon shekara 2 yake aiki, don haka ka daidaita shi da lokacin da za ka nemi gurbi.

Dogon hutu kuma ɓarawo ne, wata uku ba bita sai ka dawo ajin ya yi maka nisa. Kafin a tashi ka samu abokin hira sau ɗaya a mako, ko ka shiga darussan intanet na Cibiyar Sarki Sejong. Mazauna Abuja suna da Cibiyar Al'adun Koriya, ita ma tana buɗe azuzuwa.