Yadda zaka buga zanen birni irin na litogirafi a gida, ba dutse ba inji

Litogirafi dai hanya ce ta buga zane akan takarda, sirrinsa ɗaya ne, mai da ruwa basa haɗuwa. Alois Senefelder ne ya ƙirƙiro shi a Jamus a 1796, ana zane da abu mai maiƙo akan farin dutse, a shafe dutsen da ruwan ƙaro, eh ƙaron nan namu da ake fitarwa daga Sudan da Chadi da Borno da Yobe, sai tawada ta kama inda akwai maiƙo kawai ta bar sauran. Bayan yaƙin duniya na biyu masu zane suka rungume shi sosai a Faris, a Amurka kuwa ya fara ja baya, har wata mai zane June Wayne ta buɗe ɗakin bugu mai suna Tamarind a Los Anjalas a 1960 dan kar sana'ar ta mutu.

Kafin ka taɓa komai ka fara neman ayyukan Vieira da Silva a intanet, mai zane ce 'yar Fotugal haifaffiyar Lisbon a 1908 ta rasu a Faris 1992, wallahi ni banga wanda ya fahimci birni kamarta ba. Ba ta zana gida da ƙofa da taga sak, layuka ne kawai da 'yan murabba'ai suna hawa kan juna suna karkacewa amma kana kallo zakaji cunkoson gari da zurfin lungu. Wannan muke nema.

Kayan aiki kuwa takardar foyil irin ta naɗe kifi, faifan gilashi ko roba, kireyon mai maiƙo, Coca-Cola, man gyaɗa, soso, rola ta shafa tawada, cokali, takarda mai ɗan kauri, sai tawadar bugu ta mai. Ta ruwa bata yi, kar ma ka ɓata kuɗinka.

Da farko ka samu wuri mai tudu ko saman bene ka kalli unguwa, ka kanne ido har komai ya dushe, abinda ya rage shi zaka zana, rufin kwano, turakun wuta, wayoyi, inuwar katanga. Ka cire mutane da motoci. Nan ne mutane suke kasawa dan hannu yana ƙaiƙayin ƙara taga da labule, dan Allah ka daure, ka bar fili fari da yawa, kuma wasu layukan ka barsu su karkace ko su yanke a hanya kar ka ɗauko rula.

Sai ka shimfiɗa foyil akan gilashin, ɓangaren da baya ƙyalli a sama, ya kwanta sumul. Kar yatsanka ya taɓa fuskar dan maiƙon hannu ma fitowa yake a bugu. Ka zana da kireyon kana ɗan dannawa, ka tuna zanen a juye zai fito, dama ta koma hagu.

Daga nan ka kwarara Coca-Cola akai na 'yan daƙiƙu, sinadarin asid ɗin cikinta ne yake sa inda ba zane ya riƙe ruwa, ka ɗauraye. Ɗiga man gyaɗa kaɗan ka goge kireyon ɗin da tattausan tsumma, zakaga kamar zanen ya ɓace, yana nan. Bi da jiƙaƙƙen soso.

Yanzu murza tawada siririya akan rola ka bi kan foyil a hankali, soso, rola, soso, rola, kar ka bari ya bushe ko kaɗan musamman lokacin hunturu, in ya bushe gaba ɗaya zai yi baƙi. Ɗora takarda ka goga bayanta da cokali ko'ina sannan ka ɗaga daga kusurwa ɗaya. Bugun farko yakan fito a dushe, na biyu da na uku sunfi kyau.

In kala biyu kake so sai ka yi wani foyil daban, kowace kala da faifanta, ka fara buga mai haske ta bushe sannan baƙin layukan su hau kai.